Gwajin Muryar da Ƙadri Ya Ƙi Gogewa

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 15 ga Yuni 2010, bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran Malam Ƙadri Maman Sani a gidansa na Tasawa, bayan jinyar kwana tara. Shekararsa hamsin da shida. Shi ne teknisiyan, mai kula da na'urori, na ƙaramin gidan rediyon al'umma da muke aiki, har zuwa watan Afrilu da aka karɓe masa mabuɗi.

Malam Ƙadri, shekara bakwai ina riƙe mikro, abin magana, kana riƙe na'ura. Kai ka koya mini abin da ake kira gen, maɓallin nan na jikin akwatin ɗaukar murya da ke ƙayyade ƙarfin sautin da zai shiga odinato, wato kwamfuta. In ya yi ƙasa, murya ta nutse cikin shuu. In ya yi yawa, fitila ta yi ja, murya ta tsage, kuma ba mai ɗinke ta. Ba ka taɓa yarda a ce "un, deux, trois" a gabanka ba. Cewa kake mutum ba ya ƙirga da muryar da yake magana da ita. Tun kana koyon aiki a lokacin fari na 1984 aka nuna maka dabarar: ka tambayi mutum abin da ya karya kumallo da shi, ya saki jiki, kai kuma ka murza gen har fitila ta tsaya a kore. Gwaji ne na rabin minti. Ana gamawa ake goge shi.

A watan Maris muka zaga ƙauyukan Gidan Amumune. A ɗaya daga cikinsu aka zaunar mana da wata tsohuwa, Inna Hindu. Ka sa kaske, abin sauraro, a kunne, ka durƙusa.

"Inna, da mi kuka karya yau?"

Ta dube ka ta yi dariya. "Ɗan nan, ba'a kaka yi mani? Anza ta, ita ma ba ta gama jiƙa ba, ɗacinta na nan."

Anza, 'ya'yan itacen daji da ake ci lokacin yunwa, sai ta kwana uku cikin ruwa kafin ta ciwu. Muryarta ba ta ko motsa fitila ba, sai da ka kai gen kusan ƙarshe. Da na fara hirar gaskiya, dattawan gari tsaye a kanmu, ta gyara zama ta ce lafiya lau, an gode wa hukuma.

Haka aka yi a ƙauye goma sha ɗaya. Hirarrakina duk godiya ce. Gwajinka na muryoyin mata hamsin da uku ne, kuma ba ka goge ko ɗaya ba. Ka jera su, muka sa a iska sau ɗaya tak, ranar kasuwa.

Yanzu zan juya ga kwamitin gidanmu. Ba zan ce ku kuka kashe shi ba. Ajali na Allah ne. Amma ku kuka dakatar da shi, kuka rubuta cewa ya watsa abin da ba a ba shi izinin ɗauka ba, alhali ya koma wurin kowace mace ya tambaye ta, ina tsaye. Ku kuka ciro faifan ajiyar da muryoyin ke ciki kuka kulle a durowa. Na bincika: ba soja ko ɗaya da ya kira ku. Sojojin da ke mulki a Yamai sun riga sun furta kalmar yunwa da bakinsu tun kafin shirinmu. Tsoron da kuka koya a tsohon zamani kuka yi wa biyayya, ba umarnin kowa ba.

Ranar sadakar uku kun zauna a tabarmar gaba, kuna cewa an yi babban rashi. A nan shugabanku ya ja ni gefe ya ce in shirya shirin tunawa da marigayi na awa guda. Odinato ya cika, in ji shi, sai a share tsohon faifan nan a sami wuri. Wato a goge aikinsa domin a yabe shi.

Ba zan yi shirin ba. Inna Hindu ta rasu a watan Mayu. Ba ta da hoto, ba ta da takarda, rabin mintin nan ne kaɗai ya rage na muryarta a duniya, kuma jikokinta sun aiko sau biyu suna tambaya. Ku miƙa faifan ga Malama Zuhura, matar marigayi, kafin sadakar arba'in. Ranar nan ni ne zan yi wa jama'a godiya a madadin iyali, kuma zan faɗi inda faifan yake, ko a hannunta ko a durowarku.

Malam Ƙadri, Allah Ya jiƙanka, Ya yafe kurakuranka, Ya sa jinyar da ka yi ta zama kaffara, Ya haskaka kabarinka. Ya jiƙan Inna Hindu da duk waɗanda wannan shekara ta ɗauke. Ga Malama Zuhura, da 'ya'yansa Mumuni da Safi, da dangi na Tasawa da Mayahi, Allah Ya ba ku haƙuri da dangana. Allah Ya saukar mana da damina mai albarka, Ya kyautata namu ƙarshe. Amin.

Attahiru Amani
Tasawa