Ruwa a Tukunyar Gas

Shekara tara na yi a Kudu ina aiki ɗaya, auna danshin da ke cikin iskar gas. Muna da na'ura mai harba wani haske da ido ba ya gani, ya ratsa iskar da aka matse a bututu. Ruwa ya sha nasa kason hasken, sauran sinadarai su sha nasu, abin da ya fita ta ɗaya gefen shi ke gaya mana abin da ke ciki. Ina ji da wannan ilimi ƙwarai, sai da na zo hutu Gwaram na tarar kawuna ya yi mana nisa. Shi da kunne yake nasa awon.

Ya sayi tukunyar gas ne don matarsa ta huta da hayaƙin itace. Da aka cika ta ya girgiza, ya ji abu yana motsi kamar ruwa a jarka. Shi ke nan bincike ya kammala, mai gas yana haɗa wa mutane da ruwa. Kafin kwana biyu labari ya kai Kwandiko, duk mai tukunya ya zama masani, sai girgiza ake yi gida-gida.

Mai gas ɗin abokina ne, tare muka yi sakandare a Birnin Kudu. Duk abin da ya mallaka ya zuba a shagon nan, ga shi an ƙaurace masa. Ya same ni ya ce, "Don Allah ka yi musu bayani, kai za su ji maganarka."

Bayanin kuwa bai fi numfashi ɗaya ba. Gas idan aka matse shi ruwa-ruwa yake zama, shi ne suke ji yana motsi. Amma ina! Mutum ya samu dattawa zaune a ƙofar gida bayan La'asar suna kallon bakinsa, sai ya ƙare a numfashi ɗaya? Na gyara zaman hula na ɗauko zance tun daga haske. Na zana bututu a ƙasa da tsinke, na zuba Turanci yadda ya kamata. Wani tsoho har ya yi gyangyaɗi ya farka ban iso kan tukunya ba.

Kawu ya katse ni. "Kai, mu ba 'yan boko ba ne. Ruwa a cikin gas, akwai ko babu?"

Sai malantar ta motsa. Na ce, "To, Kawu, a kimiyyance dai babu gas ɗin da ba a samun ɗan danshi a cikinsa, sai dai..."

"Kun ji ko!" in ji Kawu, ya miƙe yana kakkaɓe riga. "Ɗanmu ma ya tabbatar."

Aka watse ana sa mini albarka. Ragowar zancen da ke bayan "sai dai" tabarma na gaya wa. Har yau in na tuna kunya ce ke rufe ni, don gaskiya na faɗa, amma don a ce na iya na faɗe ta.

Kafin hutuna ya ƙare abokina ya sa wa shagon kwaɗo. Ranar da zan koma shi ya raka ni tasha, har ya riƙe mini jaka. Na fara ba shi haƙuri, ina ƙoƙarin fayyace masa abin da nake nufi. Ya miƙo mini jakar ya ce, "Malam, bar shi haka. Ni 'babu' kawai na roƙe ka ka ce."