Mutum bakwai, kujera ɗaya

Mutum bakwai a gaban tagar sayar da tikiti a tashar mota ta Adjamé, kowa riƙe da tikitin Yamai, duk kujera ta 14. Wani dattijo ya buga sandarsa a ƙasa ya ce a nuna masa wanda ya yi wannan aika-aika. Ina tsaye a bayansa. Ni na rubuta manhajar da ke fitar da tikitin.

Jiya-jiya na taɓa ta. Wai don ta ƙara sauri, na hana ta kwafe wa kowane tikiti lambar kujerarsa, na sa ta riƙa ba su adireshin inda lambar take a cikin na'ura. Ashe duk wuri ɗaya suke leƙawa.

Na laɓe bayan wata mota na kira Yaya Rakiya a unguwar Treichville, wadda ta koya mini aikin.

"Yaya, za su cinye ni ɗanye!" Na zayyana mata abin da na yi.

"Lamba guda ka ƙi kwafewa?" in ji ta. "Ai adireshin ma lamba ne, nauyinsu ɗaya. Abin da za ka faɗa wa mutum da baki, ka ce ya hau tasin woro-woro ya je har unguwar Williamsville ya dubo, wai sauri kake? Babban kaya ake yi wa kwatance, ba ƙwayar lamba ba."

Na buɗe kwamfutata na gyara layin da na taɓa a manhajar. Saurin ko na ƙiftawar ido ban samu ba, amma har yanzu ƙarar sandar nan na kunnena.

Masu rubuta manhaja, wane gyara ne ya taɓa sa ku ɓuya?