Nomau Mai Ruwan Tsakar Rana

Nomau mutumin Garagumsa ne. Cin rani ya kawo shi Damagaram a shekarun da gyaɗa ke tashe, da niyyar komawa kafin ruwan shuka. Bai koma ba. Duk wanda ya ga unguwar Zango a lokacin ba zai zarge shi ba: kantunan Larabawa da na Nasara, manyan motocin kamyo na sauke kaya, tsire, burodi, silima, jama'a kamar ƙasa. A ƙauyensu ko tari ka yi sai an ji. A nan ba mai tambayar ɗan gidan wa ne kai, kuma wannan ya fi komai yi masa daɗi.

Amma garin kan dutse yake, ruwa wuya. Da wannan wuyar mu 'yan ga-ruwa muke ci. Ni na ara masa sanda da garwa biyu, na nuna masa layin famfo da gidajen da ba su hana mutum haƙƙinsa.

Shekarunsa na farko kamar kowa yake. Daga baya ya fi kowa. In rana ta take, ƙasa ta zama garwashi, mu duka mukan fake a rumfar Kolo, wani Babarbare mai gasa nama. Nomau kuwa sai ya wuce mu da garwa cike, ƙafa ba takalmi. Matan kulle suka sa masa suna Mai Ruwan Tsakar Rana. Mu ma muna yaba shi, muna cewa ƙafar baƙauye ta fi ta raƙumi. Shi ma ya ɗauka ƙarfi ne.

Wata ranar kasuwa yana tsaye gaban Kolo yana tsokanarsa.

“Kolo, wannan naman akuya ce ko kakar akuya?”

“Saya ka ji, baƙauye. Kai da sai da sallah kake ganin nama.” Sai Kolo ya ɗaga hanci. “Kai, wa ya sa mini fata a wuta?”

Muka duba. Garwashi ne ya faɗo, Nomau ya taka shi, yana tsaye a kai yana dariya. Hayaƙi na fita ta tsakanin yatsunsa. Dariyar kowa ta mutu. Duk mun san ciwon da ke kashe jin zafi. Kuturta.

Kafin la'asar labari ya gama Zango. Washegari ya kai ruwa gidan Lubabatu, matar wani falke, wadda ta fi kowa sayen ruwansa. Daga bayan zaure ta amsa sallamarsa.

“Malam Nomau, Allah ya ba ka lafiya. Kada ka zuba a randa.”

Bai haƙura ba. Ya sayi takalmi, ya koma kai ruwa cikin Birni inda ba a san shi sosai ba. Can ma labarin ya same shi. A famfo ba wanda ya kore shi da baki. Kowa dai ya janye garwarsa daga kusa da tasa. Mai ɗakin da yake haya ya ce ɗansa zai yi aure, yana son ɗakin. A gidan likita suka tsira masa allura a tafin ƙafa, bai motsa ba. Suka ba shi ƙwayoyi, suka nuna masa hanyar Kara-Kara, bayan gari, inda kutare ke zaune.

Na ce masa, “Abokina, koma Garagumsa. Kana da 'yan'uwa.”

“In koma su tambaye ni me na samo?”

Kara-Kara ya tafi. Aikin wurin fasa dutse ne. Shekarar da aka samu mulkin kai gine-gine suka yawaita, masu jakuna suna kwasar tsakuwa zuwa cikin gari. Na je na same shi zaune, an ɗaure masa guduma a hannu da tsumma, don yatsun sun fara tafiya. Dutsensa yana shiga Zango kullum, shi bai sake takawa ba.

Ya ce mini, “Kolo yana nan?”

“Yana nan.”

“Da kakar akuyarsa?”

“Da ita.”

Ya yi dariya, ya ci gaba da duka.

Da damina ya rasu, gyambon ƙafa ya hau masa. Kutare suka yi masa wanka, na tsaya aka yi salla aka rufe shi. Ban jira addu'a ta ƙare ba, don ana rufe famfo da azahar.