Jirgin da Ba Ya Barin Masana'anta

Kowace Lahadi yake zuwa shagon Bu Ratmi, mai sayar da ƙananan jiragen ƙasa na wasa a birnin Surabaya. Sunansa kawai ta sani, shi ma a aljihun rigar aikinsa ta karanta: Sukirman. Tana kiransa Pak, wato malam, shi kuma yana ce mata Bu, wato uwargida. Siriri ne mai furfura, ƙurar siminti ta zauna daram a faratansa.

Yau ya zo da wata 'yar masana'antar siminti da ya haɗa da kwali, kwatankwacin wadda yake aiki a cikinta. Yana goga wa bututun hayaƙinta tokar sigari, wai ta cika tsabta.

"Pak, kwana shida kana cikinta, ranar hutu kuma ka gina ta?" in ji Bu Ratmi. "Ga miƙaƙƙen layin dogo, kai jirginka bakin teku mana."

Ya zaro zare ya gwada. Layin ya fi zaren tsawo.

"A kan katako nake kafa layin, kuma zaren nan ne iyakar wanda ke shiga ƙarƙashin gadona, Bu. Ba ni lanƙwasassu. In ya fita ƙofa, ya zagayo ya shigo."

Tana naɗe masa, ranta na ba ta mutumin nan ya taɓa zuwa tasha da jaka ya juyo. Shi kuwa ya ɗauko wani ɗan mutum-mutumi.

"Haɗa da mai gadin nan."