Butar Malam Sammani

Duk wanda ya daɗe a Sabo, unguwar Hausawa ta Ibadan, ya san Malam Sammani, in ma bai san sunansa ba ya san butarsa. Shuɗiya ce ta roba, an ɗaure mariƙinta da waya tun ranar da ta tsage. Maƙwabcina ne, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Daga wani ƙauyen Gumel ya zo Ibadan yana saurayi, ya yi dako a tashar Ojoo, ya sha ɗaukar buhunan wake da albasa har bayansa ya ce ya isa haka. Sai ya koma gadi a wani kamfanin rarraba magunguna a Mokola. Matarsa Azumi tana tuyar awara a gida, da haka suke rufa wa kansu asiri.

A bakin get ɗin nan gemunsa ya yi fari, amma ko sau ɗaya ba wanda ya taɓa kiransa da sunansa. "Aboki, buɗe get." "Aboki, zo ka wanke mota." Tun daga manaja har 'yan bautar ƙasa da suke zuwa su wuce, kowa Aboki yake ce masa. Ni abin yana ƙona min rai. Mutum yana tsare muku dukiya rana da ruwan sama, ku kasa riƙe suna ɗaya? Shi kuwa sai ya yi dariya, ya ce ai aboki ba zagi ba ne.

Kamfanin ya kashe kuɗi a kan tsaro, ba ƙarya. Kyamara a kowace kusurwa, waya mai lantarki a kan katanga, ƙofofin ofis kuwa sai an goga kati suke buɗewa. Dokar get ita ce baƙo ba ya shiga sai an yi magana daga ciki, kuma Sammani bai taɓa wasa da ita ba. Sai dai a bayan ɗakin gadi, daga cikin harabar, akwai famfo da tabarmar da yake salla a kai. Manaja ya san da ita, wasu ma'aikatan ma a nan suke tasu.

Wata rana da azahar wani mutum ya tsaya a get, farin kaftani tsaf, jaka a kafaɗa.

"Salamu alaikum, Malam Sammani. Yaya mutanen Gumel?"

Sammani ya faɗa min daga baya cewa sai da ya waiwaya ya ga ko da wani ake. Mutumin ya ce sunansa Abdulsalam, daga banki yake, salla za ta wuce shi.

"Ko zan samu ruwa, Baba, da ɗan wurin da zan sa goshi?"

To ku gaya min, wane ne a cikinmu zai ce a'a? Mu da aka raine mu a kan cewa ba a hana baƙo ruwan alwala ko da maƙiyinka ne. Sammani ya buɗe ƙaramar ƙofa, ya cika masa buta da hannunsa. Bai san cewa a wurin mai shayin tsallaken titi mutumin ya tsinci sunansa da garinsu ba.

Abdulsalam ya riƙa dawowa. Yau ya zo da goro, gobe ya tambayi jikin Azumi. In ya idar sai ya daɗe a kan tabarma yana jan carbi, Sammani yana ta yaba tsoron Allahnsa. Ashe ƙofar baya ta ofis yake kallo. Ita ma mai kati ce, amma ma'aikata sun gaji da goge-goge duk sanda za su fita sayen amala ko amsa waya, sai suka samo rabin bulo suka tokare ta. Kowa yana tsallake bulon nan kullum, har da manaja.

Ranar da abin ya faru, motar kaya ta iso, Sammani ya tafi buɗe babban get. Mutumin ya tashi daga tabarma, ya ciro rigar masu gyara daga jakarsa ya ɗora a kan kaftani, ya tsallake bulo. Ya gaishe da sakatariya da Yarbanci mai daɗi, ya ce oga ne ya turo shi ɗaukar kwamfutarsa za a gyara. Ita da kanta ta cire masa wayoyin. Ya tuɓe rigar, ya sa komai a jaka, ya fito ya ce, "Allah ya saka da alheri, Malam Sammani," ya bi titi. Ba a jima ba aka fara yaudarar abokan cinikin kamfanin da bayanan da ke cikin kwamfutar.

Da aka duba kyamara, me aka zaɓa a gani? Sammani yana miƙa buta, Sammani yana karɓar goro yana dariya.

"Aboki, so na your brother!" in ji manaja. "You don sell us finish. Ole!"

Ɓarawo ke nan da Yarbanci, kuma a gaban kowa ya faɗa. 'Yan sanda suka tafi da Sammani, sai da dattawan Sabo suka yi ta sintiri kafin a sake shi, don ba a same shi da komai ba. Amma aiki ya tafi. Bulon fa? Ba wanda aka kora saboda bulo. Sakatariyar da ta miƙa kwamfuta hannu da hannu tana nan a kujerarta. Aka ɗauko wani gwani daga Legas ya koya wa ma'aikata yadda mayaudara suke shiga da daɗin baki, aka ci shinkafa da kaza aka watse. Mutumin da ya fi kowa haɗuwa da baƙi a kamfanin, tun farko ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya gaya masa haka.

Abin da ya fi ba ni haushi namu ne na Sabo. Aka fara ƙus-ƙus a majalisa: "Anya kuwa ba da shi aka haɗa baki ba?" Mutumin da aka sha ba shi ajiya ya mayar ko allura ba ta ɓata ba! Wasu matan har suka daina aikowa sayen awarar Azumi.

Na shiga gaishe shi, na same shi ya rame.

"Ba aikin ne ya dame ni ba," ya ce. "Da salla mutumin nan ya cuce ni. Kuma wallahi ranar da ya kira sunana, daɗi na ji."

Yanzu yana gadin wani sito a Akinyele. Kwanaki na biya ta wurinsa da saƙon Azumi. Muna zaune sai ga wani tsoho ya sauko daga mota, ƙafafu duk ƙura, ya yi sallama ya nemi ruwa da wurin salla. Na ga hannun Sammani ya kai ga sakata, sai ya janye. Ya cika shuɗiyar butar, ya zura ta tsakanin ƙarafan get. Tsohon ya yi alwala a bakin kwata, ya shimfiɗa ɗan mayafinsa a gefen titi, 'yan acaɓa suna wucewa ta gabansa. Sammani ya juya baya don kada ya gani.

Da tsohon ya idar ya dawo da butar.

"Na gode, bawan Allah. Yaya sunanka, in sa ka a addu'a?"

Sammani ya karɓi butarsa, ya daɗe yana kallon wayar da ke ɗaure a mariƙinta.

"Aboki," ya ce. "Aboki ake ce min."