Bindigar Ganin Wata

Ranar ashirin da tara ga azumi ce. Bayan asuba ban koma barci ba. Na jiƙa lalle, na fito da shinkafar Salla na fara tsinta. Zafin bazara ya sauko tun hantsi bai yi ba. Ƙauyenmu yana kudu da kwalta, tsakanin Ƙonni da Malbaza. Ba zan faɗi sunansa ba, don akwai waɗanda suka koma.

Mu huɗu ne a gidan: ni, da maigidana Almu, da mahaifiyarsa da muke kira Inna, da 'yarmu Rabi mai shekara bakwai. Da safen nan Almu yana zaune gindin rumbu yana goge bindiga da man gyaɗa. Na ce masa ko ni da na haifa masa ɗiya ban samu irin wannan lallashi ba. Ya yi murmushi bai ɗago ba. Shi haka yake. Ni ce mai bakin gidan.

Bindigar tsohuwa ce, ta ɗure, irin ta maharban da. Daga kakansa ta zo. Aikinta ɗaya ne. Idan an ga wata, ko labari ya tabbata wurin mai gari, Almu zai harba ta daga kan tudun da ke yamma da gari. Albarushi da tsumma kawai yake ɗura mata, babu harsashi. Da ta yi tari sai mata su rangaɗa guɗa, yara su kwasa a guje zuwa tudun, kowa yana so a nuna masa jinjirin watan. Akwai rediyo, akwai salula, amma tsofaffinmu ba su yarda an ga wata ba sai sun ji ta. Jandarma, jami'an tsaron karkara, sun san da ita. Sun taɓa zuwa suka jujjuya ta, suka yi dariya, suka mayar masa.

Tun da aka kore shanun ƙauyen da ke kudu da mu, maganar bindiga ta raba garinmu biyu. Ƙanena Sa'idu, da ya dawo daga ci-rani, shi ne kan gaban samari. Yana cewa a haɗa hannu a sayo bindigogin gaske daga ƙetaren iyaka. Ya ce hukuma ta hana mu riƙe makami, amma ba ta kwana a garinmu, kuma kafin jandarma su iso sai dai su taya mu jana'iza. Ya ce mutumin da ba a bari ya tsare ƙofar gidansa ba, ba a bar masa komai ba.

Almu ya ƙi. A ƙofar mai gari ya ce bindigar da aka saya don ɓarawo ba za ta zauna jiran ɓarawo ba. Ranar da aka yi musun iyakar gona, ko saniyar Fulanin da muka tashi tare da su ta faɗa cikin wake, ita za a fara ɗaukowa. Ya ce garin da aka ji yana da makami, ba a zuwa masa sata, ƙona shi ake yi. Dattawa suka bi bayansa. Samari suka sa masa suna mai korar kaji. Mu mata ba wanda ya tambaye mu. Da an tambaye ni, a lokacin zuciyata ta fi karkata ga ƙanena, kuma na faɗa wa Almu haka a gaban tuwonsa.

Bayan la'asar na yi wa Rabi ƙunshi. Na ɗaure mata ƙafafu biyu da leda da tsumma, na zaunar da ita kan tabarma, na ce in ta motsa ta ɓata mini aiki za ta ci Salla da farar ƙafa. Ta yi ta ƙunƙuni. Tana so ta bi yara tudu.

Aka kira magariba. Almu ya kurɓi kunu, ya yi salla da sauri, ya saɓa bindiga ya fita. Daga ƙofa ya ce in ajiye masa ƙosai, kada in cinye. Ina kwashe kwanuka. Inna tana jan carbi. Garin ya yi tsit, irin shirun da ake yi in kowa ya kasa kunne.

Sai ƙara ta tashi daga yamma. Guda ɗaya.

Ni na san muryar bindigar gidanmu kamar yadda na san tarin maigidana. Ita ƙasa-ƙasa take yi, dum, har ka ji ta a ciki. Wannan busasshiya ce, tas, kamar an karya kara. Amma mutanen da suka wuni suna jiran abu ɗaya ba su tsaya auna murya ba. Maƙwabciyarmu ta saki guɗa. Wata ta amsa daga bakin rijiya. Na ji ƙafafun yara suna wucewa ta bayan danga, suna ihu an ga wata, an ga wata.

Na yi waje da ludayi a hannu.

"Ku dawo! Ba ita ba ta! Ku dawo!"

Guɗa ta haɗiye muryata. Na cafke rigar yaro ɗaya, sauran suka wuce.

Sannan ƙarar ta dawo, a jere, ba numfashi a tsakani. Bindigar Almu ba ta magana sau biyu sai an sake ɗura ta. A nan kowa ya gane. Guɗa ta tsaya a tsakiya. Ƙarƙashin harbin na ji rurin motoci masu ƙafa biyu, da yawa. Daga baya aka ce 'yan bindiga ne, ɓarayin shanu, kuma sun fara harbi sama ne don mutane su watse. Da suka ga taro ya nufo su da gudu da ihu cikin duhun magariba, sai suka ɗauka tare su aka zo yi. Su ba su san al'adarmu ba. Mu ba mu san tasu ba.

Na koma gida. Rabi tana tsaye, ledoji a ƙafa, ta kasa gudu. Ƙunshin nan ne ya hana ta zuwa tudu. Na yage shi da haƙori. Na ɗaga Inna. Ban ɗauki komai ba, ko takalmi. Muka fasa danga ta baya. A kan hanyar masallaci wani yana tsawa da Hausa irin tamu.

"Ku kwanta! Ina shanu? Wanda ya tashi ya mutu!"

Muka yi gabas. Da bazara babu abin ɓuya a gona, sai kututturen kara da ke soke ƙafa. Muka faɗa cikin busasshiyar korama muka bi ta a sunkuye, mu da wasu mata. Wata ta cusa wa jaririnta nono don ya yi shiru. Bayanmu sama ta yi ja. Na ji ƙaurin hatsi yana ƙonewa, na san rumbuna ne. Ina tafiya ina waiwaye. Kunnena yana neman abu ɗaya cikin duk wannan ƙara: dum ɗin nan. Na ce in na ji ta, yana raye. Ban ji ba.

Wajen isha'i harbin ya ragu, ya koma jefi-jefi, sannan ya ɗauke. Kukan shanu ya yi kudu har ya ɓace. Wasu suka ce mu koma. Wasu suka ce tarko ne. Daga nesa, arewa maso gabas, fitilun kamfanin siminti na Malbaza suna haske. Su muka sa a gaba. Inda Inna ta kasa, na goya ta. Ba ta da nauyi, amma ƙashinta yana cin baya. Rabi tana riƙe da bakin zanena, ba ta yi kuka ba, kuma hakan ya fi tsorata ni.

Asuba ta same mu a wani lambun albasa da aka riga aka kwashe. Akwai rijiya da guga. Na ja ruwa na ba Rabi, na sha, na miƙa wa Inna. Ta kawar da kai.

"Ban jiya bindiga ba. Azumi nika yi."

Na ce mata ko azumi ne, matafiyi da tsoho an ɗauke musu. Ta yi taimama ta yi salla a zaune.

Da hantsi muka fito kwalta. Abin da muka fara gani shi ne mutane cikin sababbin riguna, da tabarmi a hamata, yara sun sha kwalli. An ga wata jiya. Salla ake yi. Suka tsaya suna kallonmu, mu ma muna kallonsu. Ƙafafun Rabi jajaye ne, rabi lalle rabi jini. Wani dattijo mai amalanken jaki ya sauke iyalinsa ya ɗora mu. Bai tambaye mu komai ba sai sunan garinmu. Da na faɗa, ya yi salati a hankali.

A Malbaza muka sauka gidan Balki, ƙawata ta ƙuruciya, wadda mijinta ke aiki a kamfanin siminti. Ta shimfiɗa mana tabarma a inuwa, ta kawo fura mai sanyi. Ta durƙusa gaban Inna ta ce yau Salla, azumi bai halatta ba, rediyo ya faɗa, liman ya hau idi.

"Wadda kunka jiya ta ɓarayi ta," in ji Inna. "Tamu ba ta yi magana ba. Yaron nan shina bisa tudu, shina jiran wata."

Ɗan farinta ne, ba ta kiran sunansa. Daga Malbaza ko da ya harba ba za ta ji ba, ita ma ta san haka. Na so in yi mata faɗa. Leɓunanta sun tsage, rana ta take, ba ta yi sahur ba. Amma na gane ba azumi take riƙe da shi ba, ɗanta take riƙe da shi. Ni ma da zan iya, da haka na yi. Na zauna gefenta ina yi mata fifita, ina kallon ƙofa. Duk babur ɗin da ya wuce sai in miƙe in leƙa.

Bayan azahar Sa'idu ya shigo. Ƙasa ce a jikinsa har gwiwa, jar ƙasar tudu. Bai yi sallama da ƙarfi ba. Ya tsuguna nesa da tabarma, ya cire hula. Ban buƙaci ya buɗe baki ba.

Ya ce shi a ramin da ake ɗibar ƙasar gini ya kwana. Jandarma sun iso da safe. Sun sami Almu a kan tudun, rub da ciki, fuskarsa wajen gari, hannunsa ɗaya a miƙe kamar yana kora wani abu baya. Bindigar tana ƙarƙashinsa. Sai muryar Sa'idu ta canza, fushi ya shige ta.

"A ɗure take, Yaya. Ko sau guda bai harba ba. Ko don su firgita."

Na juya maganar a raina. Maza da yawa suna cikin masallaci lokacin harbin farko. Dattawa sun riƙe su, sun ce wannan ba muryar bindigar gari ba ce, a dakata. Mata da yawa suna bakin murhu suna jiran a tabbatar. Da Almu ya ja kunamar bindigar nan, da duk wanda ya rage ya fito ya nufi tudu, don abin da bindigar ta saba gaya mana ke nan. Na faɗa wa Sa'idu haka. Ya ce wataƙila lokaci ne bai samu ba. Wataƙila. Ban ga abin da ya faru ba. Amma na zauna da mutumin, na san shi.

Har yau ana jan maganar a duk inda mutanen garinmu suka haɗu. Sa'idu yana cewa da an saurare shi, da an tare su tun daga bakin korama. Dattawa suna cewa sandar ƙarfen da aka gani a kafaɗar mutum ɗaya ce ta sa aka buɗe wuta, ina ga a ce guda ashirin ne. Kowanne yana ɗaukar gawar mijina ya kafa hujja da ita, kuma hakan yana ƙona mini rai.

A ranar, Inna ta ji komai. Ba ta yi kuka ba. Ta daɗe tana kallon ƙasar da ke ƙafar Sa'idu. Sannan ta miƙo hannu.

"Ba ni ruwa."

Na tallafi kanta na kafa mata kwarya. Ta sha a hankali, ruwan yana bin haɓarta. Da ta gama ta tambayi Sa'idu ko ɗanta kaɗai aka kashe. Ya ce a'a. Ya fara kiran sunaye, da sunayen iyayensu mata, duk mun san su. Rabi tana jin sunayen waɗanda suke wasa tare, na toshe mata kunne da tafin hannuna, amma na makara.

Kaburbura bakwai aka haƙa a gindin tudun. Ɗaya dogo. Sauran shidan, babu wanda ya isa yin azumi a cikinsu.