Mai Buɗe Ruwa

Tsohon yana tsaye a bakin tsohon tafkin noman rani, wando a naɗe har gwiwa, ƙafa kuwa ko ɗigon ruwa babu. Daga ganin kantar hannunsa ka san shi ke sakar wa gonaki ruwa a da. Yanzu an yi wa ƙarfen buɗe ruwan walda, an shafe shi da fenti, kada tafkin ya ragu 'yan shaƙatawa su rasa inda za su tuƙa kwalekwale. Can gangare, albasar da yake ta waiwaye ta kwanta kamar mai zazzaɓi.

Yana sa kafaɗa, yana tura ƙarfen.

"Yauwa Baba, sake yi kamar kana buɗewa!" in ji wata mai ɗaukar hoto.

"Da gaske nake yi, 'yata."